Yaya Sabika da Tafin Ƙafar Baba Farhan

Yayata Sabika ba ta kallon fuskar mutum sai ta gama da ƙafarsa. Kana gaishe ta tana amsawa, tana tambayarka iyali, amma idonta na ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Baƙo yakan ɗauka kunya ce, har ya yaba tarbiyya. Mu mutanen Muharrak ta ƙasar Bahrain mun san ba kunya ba ce. Farcenka take dubawa, da diddigenka, da irin takun da kake yi, kuma kafin ka kai ƙarshen gaisuwa ta riga ta yanke maka hukunci.

Nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu, ɓangaren wankin miki. Ni kuwa ƙaninta Atik, alawa nake sayarwa a kasuwa, irin mai ɗumin nan da ake kwasowa daga tukunyar tagulla mai yana naso a kanta. Ciki ɗaya muka fito, ɗaya na hura wuta ɗaya na bin sa da guga. Duk ranar da ta biyo ta ƙofar shagona sai ta tsaya.

"Atik, wallahi Allah zai tambaye ka."

"Zai tambaye ni, Yaya. Zan ce sayarwa na yi, ban danne kowa na ɗura masa ba."

"Rabin masu sugan da nake wanke wa ƙafa kai ka aiko min su."

"To ashe ni nake riƙe miki aiki. Ko 'yar godiya babu?"

Sai ta yi tsaki ta wuce, amma da ƙunshin alawar da na ɗaure wa 'ya'yanta a ƙarƙashin mayafi, wai don kada a ce ta yanke zumunci.

Ba da ƙafa ta fara aiki ba. Da ta gama makarantar nas ɗakin haihuwa aka kai ta, kuma tana son wurin. Bahrain ba ta da girma, don haka yau in ɗan sanda ya tsare ta a titi, da wuya ba ita ta fara ɗaga shi tsirara ba, kuma ba ta jin nauyin tuna masa. Mahaifinmu Salmin ne ya sauya mata hanya. A zamanin da ake nutso neman lu'ulu'u shi mai jan igiya ne. Yana tsaye a gefen jirgi, mai nutso yana ƙasan teku, in numfashi ya ƙare masa ya girgiza igiya, shi kuma ya jawo shi sama. Da sana'ar ta mutu ya koma leburanci a wurin haƙar mai, ya tsufa, suga ya kama shi. Wata rana ya taka ɗan tsinke a tsakar gida. Bai ji ba, don suga yakan kashe jin ƙafa, kuma ba wanda ya duba. Kullum safiya Sabika na sumbatar goshinsa kafin ta tafi aiki, amma wa ke ɗaga ƙafar ubansa ya leƙa ƙarƙashinta? Kafin wari ya tona asirin abu ya yi nisa, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Ana tashi daga zaman makoki ta nemi a mayar da ita ɗakin wankin miki, inda ba mai son zuwa saboda ɗoyi.

Tun daga lokacin ta ɗauki wata ɗabi'a da ta sha ba ni kunya. Duk inda aka tuɓe takalma a ƙofa, gidan biki ne ko gidan rasuwa, sai ta tsaya ta bi su da kallo, wani ma ta sa yatsan ƙafa ta juya shi. Ta ce mutum yana ƙarya, takalminsa ba ya yi. Mijinta, Allah ya jiƙansa, har ya mutu yana cewa shi kaɗai ne a tsibirin nan da ake yi wa binciken takalmi ba don kishi ba.

A bayan shagona akwai ɗakin da tsofaffin unguwa ke taruwa da hantsi, su sha gahawa, su yi ta ƙaryar kifin da suka kama tun kafin a haife mu. Wata safiya Sabika ta biyo za ta aiki, ta tsaya a kan tarin takalmansu. Na ga ta sunkuya ta ɗauki wani tsohon fade, ta juya shi, ta shinshina. Daga nan ta ja kujerata ta zauna, takalmin a cinyarta.

"Yaya, ba za ki makara ba?"

"In makara. Ina jiran mai wannan."

Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka fito, kowa ya zura nasa yana gaishe ta yana ɓoye ƙafa. Na ƙarshe shi ne Baba Farhan. Dogo ne, baƙi, nutso ya kashe masa kunne ɗaya, saboda haka ko sirri zai faɗa sai an ji shi a layin masu kifi. Shi ne mai nutson da mahaifinmu ya riƙe wa igiya har sana'ar ta ƙare. A tsufansa ya kafa hadra, shingen tsinken dabinon nan da ake yi a bakin teku, in ruwa ya ja baya ya shiga ya tsince kifin da ya maƙale. A masallaci kuwa, tun ina yaro wurinsa ɗaya ne, sahun gaba, daidai bayan liman.

"Wane mara tarbiyya ya ɗauke min takalmi?"

"Ni ce, Baba."

"Au, 'yar Salmin. To ke kin isa. Miƙo."

Ba ta miƙa ba. Ta juya masa cikin takalmin. Akwai baƙin tabo a tsakiya, kuma tsinin ƙugiya ya huda fatar ya leƙo.

"Wannan fa, Baba?"

Ya kawo ido kusa. "Kai! Ƙugiyata ce. Tun shekaranjiya nake nemanta, har na zagi jikana a banza."

"Tun shekaranjiya kake tafiya a kanta."

"To ai ban ji komai ba."

"Shi ne abin da ya tayar min da hankali. Zauna a nan ka ɗaga min ƙafar in gani."

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. A wurinmu ba rainin da ya kai ka juya wa mutum tafin ƙafarka. Yaro ma in ya miƙe ƙafa a gaban babba, kafin ya ankara ya sha rankwashi.

"In ɗaga miki me?"

"Ƙafa, Baba. Aikina ne. Kullum sai na ga ashirin."

"Ki ga ɗari. Ni Farhan in sa ƙasan ƙafata a fuskar 'yar Salmin? Mutumin da ya riƙe raina a hannunsa? Da wane ido zan kalle shi gobe kiyama? Gara ta ruɓe."

"Ruɓewar kuwa za ta yi."

"Ta yi. Tawa ce, ba aro na yi ba."

Ya fizge takalmin, ya cire ƙugiyar ya jefa a aljihu don kada ta ɓata, ya tafi yana taka ƙafar da ƙarfi don mu gani.

Ni na ɗauka abu mai sauƙi ne, tunda akwai nas maza. Sabika ta tura masa wani abokin aikinta ɗan Indiya, mutum mai ladabi da taushin hannu. Baba Farhan ya karɓe shi hannu biyu, ya zuba masa gahawa, ya tura masa dabino, ya tambaye shi labarin damina a ƙasarsu, sannan ya raka shi har ƙofa da jakarsa a rufe. Da na yi masa magana ya ce, "Yaron kirki ne, amma ban san ubansa ba." Zancen babban asibiti kuwa ba ya ko son ji. Shi ya raka mahaifinmu can da ƙafa biyu, shi ya turo shi gida a keke da ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya fahimtar da shi cewa latti aka yi, ba laifin masu wuƙa ba ne. Sai ya zamana a duk Bahrain mutum ɗaya ya yarda da hannunta, kuma ita ce kaɗai ba zai nuna wa ba. Na ce wa Sabika wannan tsoho taurin kansa ya fi na jaki. Ta ce in kama bakina, alawata ce ta jawo masa sugan da ya kai shi nan.

Ya ci gaba da shiga hadrarsa, wai ruwan gishiri ya warkar masa da abin da ya fi wannan. Ya ɗaura lalle, ya ɗaura toka. Sabika kan je gidansa da yamma ta sha gahawa, ta kalli ƙafar da ya lulluɓe da bakin jallabiya, ta dawo gida. A kwanakin na ga yayata ta rame. Ta daina tsayawa ƙofar shagona ta yi min wa'azi, kuma wallahi sai na ji kasuwar ba daɗi.

Ranar da muka yi azahar aka ga wani a bayan liman ba Baba Farhan ba, kowa ya san abin ya yi nisa. Ina komawa shago na tarar da 'yarsa Moza tana jirana, ido ya yi ja.

"Atik, ka taimake ni. Ƙafar ta kumbura, takalmi ba ya shiga. Ɗakin har ya fara wari, ina ta turare yana cewa kifi ne. Jikinsa zafi rau."

Na rufe shago na ɗauko Sabika a mota. Duk hanya jakarta na cinya ta rungume.

Muka same shi zaune ya jingina da bango, ƙafar a naɗe ƙarƙashin jallabiya. Warin da Moza ta faɗa na san shi, shi ne na ɗakin mahaifinmu. Na dubi Sabika na ga ita ma ta gane.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta.

"Cibi daban, ƙafa daban. Moza, kawo wa baƙi gahawa."

Aka kawo, aka sha. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da Annabi, ta ce ta yafe, ta ce za ta rufe ido ta yi da lalube. Ya juya mata mataccen kunnen. Muna cikin haka aka kira la'asar.

"Atik, tashi ka ja mu," ya ce. "Yau masallaci ya yi min nisa."

Na shimfiɗa darduma, ya dafa bango ya miƙe ya tsaya a damana yana cije leɓe. Sabika da Moza suka tsaya a bayanmu. Na yi sallar nan, Allah ya karɓa, amma rabin hankalina na kan numfashin tsohon da ke gefena. Da na sallame, yana nan zaune irin zaman tahiya, ƙafafunsa a bayansa, yana jan carbi. Sai muka ji muryar Sabika daga baya, a hankali.

"Baba, kada ka motsa. Na riga na gani."

Ya daskare. Wuyansa ma bai juya ba.

"Kika ga me?"

"Tun sujadar farko. Rami ne a ƙarƙashin ƙananan yatsu, bakinsa ya yi baƙi, yana ruwa. Allah ya yafe min sallar nan, sai na sake ta."

"La'ilaha illallahu! 'Yar Salmin, yaudara a cikin salla?"

"Ni ban yaudare ka ba, kai ka ce a tayar. Baba, in tambaye ka. Tun kafin a haife ni kake sahun gaba. Su wa ke bayanka?"

"Mutane mana."

"Har da alƙali, har da masu jiragen da ka yi wa aiki, har da babanmu. Duk sujada goshinsu yana dab da tafin ƙafarka, sau biyar a rana. Akwai wanda ya taɓa cewa ka raina shi?"

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wannan ai salla ce," ya ce, amma muryar ta sauka.

"To zauna yadda kake. Kai kana kallon gabanka, ni ina bayanka inda mata ke tsayawa. Ba ka ɗaga min komai ba, ba ka miƙo min komai ba. Ni na zo na tarar."

Can ya ce, "Atik, wannan yayar taka da namiji ce da ta sayar da teku ga masu jirgi." Bai ce e ba, amma bai motsa ba. Na ji ƙarar zip ɗin jakarta.

Haka aka yi ta yi kullum. Moza ta ajiye masa katifa a gaban bango da babban matashi da zai rungume, ya durƙusa, Sabika ta sa safar hannu ta zauna a bayansa da kwanon ƙarfe da auduga da almakashi. Ni aikina riƙe fitila da shan zagi. Ta kai wa likitan asibitinsu bayani, ya rubuta magunguna masu ƙarfi, ya ce gaskiya wannan ƙafa ta kwanciya ce a babban asibiti. Sabika ta ce ta sani, ita ma ra'ayinta ke nan, amma a ba ta dama ta jawo shi a hankali kada igiyar ta tsinke. Ranar ta ɗauki biro ta zagaye jan da ya hau bayan ƙafar, ta sa na riƙe madubi ya gani.

"Ka ga layin nan, Baba? Nan ruwa ya kawo yau. In ya ja baya, kana gidanka. In ya tsallake, sai babban asibiti, ba musu."

"Wa zai ce ya tsallake?"

"Kai. Idonka ya fi nawa sanin ruwa."

Ta hana shi shiga teku, ta hana shi jiƙa ƙafar a alwala, ta koya masa shafa a kan bandeji. Ta hana shi muhammar, shinkafar zaƙin da masu nutso suka tashi da ita, wadda yake cewa ita ta gina masa ƙirji. Ni kuwa ta ce in ta ga ko ƙamshin alawa a gidan, ƙafata za ta fara yankewa.

Wani abin mamaki, tsohon da ya juya mana baya sai bakinsa ya buɗe. Abin da ba zai iya faɗa ido cikin ido ba, bango yake gaya wa. Wata rana tana kankare mataccen nama, ya ce:

"Kin san ni ban taɓa girgiza wa ubanki igiya ba?"

"Ta yaya, Baba?"

"Haɗama. Ina ƙasa, ƙirji na wuta, sai in hango wata a gaba in ce bari in ƙara ɗaya. Masu irin halina ba sa tsufa. Salmin ya gane ni tun tafiyar farko. Sai ya zamana in na nutsa, shi ma a sama ya riƙe numfashinsa. In ƙirjinsa ya fara zafi, ya jawo ni, ko na so ko ban so ba. In fito ina zaginsa, shi yana haki kamar shi ya yi nutson." Ya yi 'yar dariya. "Mutane na cewa Farhan gwani ne. Ƙarya ne. Numfashin Salmin nake ci."

Ba mu taɓa jin wannan ba. Mahaifinmu ba mai magana ba ne. Na ga hannun Sabika ya tsaya, hawaye na sauka a kan abin rufe hancinta, ta goge da kafaɗa don hannun ba shi da tsabta. Baba Farhan bai gani ba, bango yake kallo. Ta ce, "Atik, riƙe fitilar da kyau mana, kana rawa kamar mai jin sanyi." Ni ma a lokacin ba na gani sosai.

Kwanakin farko jan ya ja baya, muka fara murna. Zazzaɓi ya sauka, ya fara yi wa Moza faɗan gishiri a miya. Sai wata safiya Sabika ta kwance bandeji ta tsura wa ƙafar ido. Na leƙa. Ta gefen ƙaramin yatsa jan ya haye layin biro, ya doshi idon sawu, yatsan kuma ya yi launin toka.

"Atik, kawo madubi," ta ce.

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Biron ne ya goge," ya ce.

"Bai goge ba, Baba."

"To a ƙara kwana biyu. Jiya na ɗan taka ta ne."

Na buɗe baki zan ce mu ɗauke shi da ƙarfi, ga ni ga jikokinsa. Sabika ta harare ni na haɗiye. Ta ajiye almakashi a kwano, ta cire safar hannu.

"Baba, ka ce in ƙara ɗaya. Shi ne halin da ka gaya min. Babanmu yana jawo ka ko ba ka so, don yana da igiya a hannu. Ni ba ni da ita. Ba zan sa a ɗaure ka a kai ka ba, kai ba akuya ba ne. In ka je yau, ina sa ran yatsa ne. In ka ƙara kwana biyun nan, ban san inda za a tsaya ba. Na ga wannan sau ɗaya a gidanmu, na zo a makare." Ta matso kusa da shi. "Tun ranar da na ɗauki takalminka nake riƙe da numfashina. Ƙirjina ya yi zafi, Baba. Sauran naka ne."

Moza na kuka ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Tsohon yana durƙushe, goshinsa a kan matashi. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ga hannunsa na dama ya saki matashin, ya zagayo baya yana lalube, har ya kama bakin mayafin Sabika. Ya ja shi sau biyu, kamar mai nutso da igiyarsa.

"Atik," ta ce, "tayar da mota."

Yatsu biyu aka cire, ƙaramin da na kusa da shi. Ƙafar ta tsira. Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne ɗaga bargo ya ƙirga, sannan ya ce wa likitan da ya yi aikin, da muryar nan tasa da ta tashi duk masu barci a ɗakin, "Waɗannan biyun dama ba sa aikin komai." A can ma bai yarda ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. Nas-nas ɗin suka gaji suka bar shi yana durƙusa a kan gado yana kallon bango, har wasu tsofaffin ɗakin suka ce su ma haka suke so.

Warkewar ta ɗauki watanni. Ranar da ya fara taka ƙasa da sabon takalmi mai laushi da Sabika ta sa aka ɗinka masa, Moza ta rantse sai ta yi masa nun, watsa alawa da gyaɗa daga kan soro da muke yi in yaro ya fara tafiya. Ya ce ta mayar da shi abin wasa, amma ya sa sabuwar jallabiya. 'Yan unguwa suka cika layi suna wawaso. Ni na kawo alawar, na ƙulla ta ƙanana-ƙanana a takarda, kuma da idona na ga Sabika a kan soron tana watsa ta da hannu biyu. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, Allah zai tambaye ki!" Ta auna kaina da guda ɗaya, kuma ba ta kuskure ba.

Juma'ar da ya koma masallaci, mutane suka buɗa masa hanya zuwa wurinsa na bayan liman. Ya ɗaga hannu ya gode, ya je sahun ƙarshe ya tsaya. Aka ɗauka don saurin fita ne, ko kunyar yatsun da babu. Washegari ma haka, jibi ma haka. Wasu suka fara cewa asibiti ya taɓa masa kai. Ni ma na yi niyyar yi masa magana, sai na sha'afa.

Wata azahar na makara, na samu wuri a sahun da ke gabansa. Bayan an sallame ina zaune ina tasbihi, sai na ji an kama bakin jallabiyata ta baya, an ja sau biyu.

"Atik," ya ce, wai raɗa yake yi, amma har liman sai da ya waiwayo. "Diddigenka na hagu ya tsage, yana ɗan ruwa. Ka ji zafinsa?"

Na shafa wurin. Hannuna ya dawo da danshi. Ban ji komai ba.

"To tashi. Kai ne na huɗu a watan nan. Kada ka ce bari in ƙara ɗaya."

Ban koma shago ba. Na miƙe sai ɗakin wankin miki. Sabika ta buɗe ƙofa, idonta ya sauka ƙasa kamar kullum, ya daɗe a can. Na shirya wa wa'azin alawa na shekara da shekaru, na ma sunkuyar da kai.

"Wa ya jawo ka?" ta ce.

"Baba Farhan. Ashe abin da ya mayar da shi sahun baya ke nan."

Ta juya min baya tana neman safar hannu a inda ba a ajiye ta. Ta daɗe tana nema. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta nuna min gado da haɓa.

"Hau ka durƙusa ka kalli bango, ɗan Salmin."